Shafin da Ya Ɓoye Zumar Habila

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, sunansa Habila, yana zaune a wani ƙauye a gindin duwatsu. Daga mahaifinsa ya gaji sana'ar. Ya san bishiyar da ƙudan zuma ke so a ɗaura musu amya, ya san watan da saƙa ke cika, ya kuma iya ɗiba ba tare da ya ƙone ƙudan ba. Zumarsa mai duhu ce, mai kauri, tana ƙanshin furen ɗorawa. Bai taɓa zuba mata ruwa ko sukari ba, kuma duk wanda ya ɗanɗana ya shaida haka.

Shekara talatin 'yan sari ne suke zuwa har ƙofar gidansa, su kwashe zumar a jarkoki, su ba shi abin da suka ga dama. Wata rana ya shiga birni sayen maganin feshi, sai ya ga kwalabe jere a wani kanti. A jikin kowace kwalba akwai suna da hoton mutumin da ya saba saye a hannunsa, har an rubuta wai daga gonarsa zumar ta fito. Habila ya roƙa aka ɗiga masa kaɗan a yatsa. Ƙanshin ɗorawa yana nan, amma an tsinka ta da ruwan sukari.

Ya koma gida ransa a ɓace. Ya ce wa matarsa Liyatu, "Ni nake shan harbi, wani yana shan yabo. Yabon ma bai ishe shi ba, sai da ya lalata abin."

Daga ranar ya ƙudura ba zai ƙara sayar wa ɗan sari ba. Ya ji ana cewa mutane suna sayar da kaya ta intanet, mai saye yana wani gari, mai kaya yana wani, a yi ciniki a aika a mota. Sai ya tara maƙwabtansa masu amya, gida shida, ya ce kowa ya riƙe zumarsa ta bana ya kawo masa, shi zai sayar musu kai tsaye ga masu sha. Da yake dattijo ne a ikkilisiya, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, suka yarda. Kafin mako biyu ɗakinsa na baya ya cika da jarkoki har bakin ƙofa.

A birnin nan akwai wata mace mai suna Damaris, uwar 'ya'ya uku, tana da ɗan ofis kusa da kasuwa. Sana'arta ita ce tsara wa masu kaya shafin intanet, wato wurin da mutum zai shiga ta wayarsa ya ga kaya, ya zaɓa, ya biya. Wurinta aka kwatanta wa Habila. Ya zo da jaka a rataye, suka gaisa, ta ba shi kujera da ruwa.

Ta ce, "Baba, wa kake so ya sayi zumar nan?"

Ya ce, "Kowa."

"To, idan mutum ya buɗe shafin, me kake so ya fara gani?"

Ya ce, "Ni."

Sai ya buɗe jakar. Ya fito da hoton da ya ɗauka takanas a shagon mai hoto, da babbar riga da hula. Ya fito da takardar yabo da aka taɓa ba shi a bikin nunin amfanin gona. Ya fito da tarihin rayuwarsa, shafi huɗu, wanda hedimastan ƙauyensu ya mayar masa da manyan kalmomin Turanci. A wayarsa kuma akwai bidiyo mai tsawo, yana tsaye gindin bishiya yana ba da labarin kakanninsa, da wata waƙa da ƙungiyar zumuntar matan ikkilisiya suka rera, wadda yake so ta tashi da zarar an buɗe shafin. Abu na ƙarshe da ya nema shi ne kada kowa ya ga farashi sai ya cika takarda tukuna: sunansa, garinsu, sana'arsa, inda ya ji labarin zumar, da adireshin imel da lambar sirri. Ta haka, in ji shi, zai gane 'yan sari ya tare su.

Damaris ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Baba, yawancin masu shigowa da ƙananan wayoyi za su shigo. Datarsu kaɗan ce, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Wani yana tsaye a tasha, wata tana jiran tukunya ta tafasa. Zuma suka zo nema. Idan muka ɗora duk wannan a gaba, shafin zai yi nauyi, kuma zumar za ta koma can ƙasa."

Ya ce, "Zuma tana ko'ina, 'yata. Wanda zai sha tawa sai ya san wanda ya ɗebo ta. Na gaji da zama marar suna."

Ta sake gwadawa ta wata hanya, ya ƙi. Ta kawo shawarar a sa tarihin a gefe, ya girgiza kai. Daga nan ta ce, "Shafinka ne, Baba. Zan yi yadda ka ce, zan kuma yi shi da kyau iyakar iyawata. Amma na gaya maka abin da na hango."

Ta yi aikin, ta yi shi da kyau. Ranar da ta nuna masa a babbar kwamfutarta, waƙa ta tashi, hotonsa ya cika allon, sunansa da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya. Habila ya daɗe yana kallo, hawaye ya taru a idonsa. Ran Lahadi bayan an tashi sujada, hedimasta ya buɗe shafin a babbar wayarsa a kan tudun bayan majami'a, inda sabis ya fi ƙarfi. Jama'a suka kewaye shi. Matan zumunta suka ji muryarsu suka yi guɗa. Kowa yana cewa, "Baba Habila ya shiga duniya!" Babu wanda ya nemi wurin saye, gama dukansu suna da zuma a gida.

Habila ya sa waya a aljihun gaba yana jira. Mako ya wuce, na biyu ya bi. Idan yana gona ya ji kamar ta yi motsi, sai ya ajiye fartanya ya duba, ba kowa. Wata ya cika. Gajimare ya fara haɗuwa a gabas, mutane suka fara neman taki da iri. Maƙwabtan da suka saba tsayawa su yi doguwar gaisuwa, yanzu sai su ɗaga hannu daga nesa su wuce.

Wata safiya ɗaya daga cikinsu, mai suna Irmiya, ya zo da babur. Ya durƙusa ya gaishe shi, sa'an nan ya ce, "Baba, ba raini ba ne. Amma damina ba za ta jira ni ba. Zan ɗauki nawa." Habila da kansa ya taya shi ɗaura jarkokin. Da yamma ya ji labari ɗan sari ya kwashe su a wulaƙance. Bayan kwana uku gida na biyu ma suka zo suka ɗauki nasu.

Sai ya shirya ya tafi birni. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malama Damaris, abin nan da kika yi ba ya aiki. Ba wanda ya gan shi."

Ta juyo masa da kwamfutar ta nuna masa. Ta ce, "An gan shi, Baba. Mutum fiye da ɗari huɗu sun shigo. Kusan dukansu sun fita kafin minti ɗaya."

Ya ce, "To, mutanen birni ba su san abu mai kyau ba. Ko kuwa hoton ne bai fito sosai ba. A ƙara masa girma. Ina da wani bidiyon ma, na ranar da aka ba ni takardar yabo."

Ta ce, "Kafin mu ƙara kome, ina roƙon safiya ɗaya. Ka dawo ran Talata da kayanka na yau da kullum. Zan kawo wadda take neman zuma da gaske, ta gwada saye kana gani. Sharaɗina ɗaya ne. Kome ka gani, kome ka ji, ba za ka buɗe baki ba sai ta tafi."

Ya ce, "Wannan ai ba wuya."

Ran Talata ya zo da tsohuwar rigarsa, ya zauna a kan benci a gefe. Ba a daɗe ba Damaris ta shigo da wata dattijuwa, Mama Afiniki, mai sayar da masa a tsallaken titi. 'Yarta ta haihu a wani gari mai nisa, haihuwar fari, ita kuwa ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya. Kwana biyu tana tambayar inda za ta sami zuma ta ainihi ta aika wa mai jego ta riƙa sa wa kunu.

Damaris ta ce, "Mama, ga wani shafi da ake sayar da zuma, har a kai wa mutum garinsu. Ki gwada da wayarki, ki riƙa faɗin abin da kike gani. Wannan bawan Allah baƙona ne, kada ki damu da shi."

Mama Afiniki ta kwance bakin zani ta fito da waya, ƙarama, fuskarta ta tsage ta gefe. Ta sa tabarau. Damaris ta buɗe mata shafin ta koma gefe.

Da farko ba abin da ya fito sai wani ɗan zobe yana ta juyawa. Mama Afiniki ta jira. Ta girgiza wayar, ta ɗaga ta sama wajen taga. Kwatsam waƙa ta ɓarke da ƙarfi, har ta kusa sakin wayar. Ta ce, "Kai! Na taɓa wani abu ne?" Ta yi ta laluben inda za ta kashe, ba ta samu ba, sai ta rage sautin gaba ɗaya.

Sa'an nan hoto ya fara saukowa a hankali. Hula ta fito, ta tsaya. Goshi ya biyo. Da fuska ta cika, Mama Afiniki ta ce, "Wannan kuma wa? Ɗan takara ne?" Ba ta gane mutumin da ke kan benci ba, gama mai hoto ya goge masa fuska har ba sauran tamoji ko ɗaya.

Ta ja da yatsa zuwa ƙasa. Rubutu ya fito, cunkus. Tana karanta Turanci daidai gwargwado, sai ta kama layin farko, inda aka ce an haife shi a shekara kaza, a gidan wane ɗan wane. Ta dafa ƙirji.

"Ayya! Mai zumar ya rasu ne? Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Damaris, ai da kin gaya mini."

Habila ya buɗe baki, Damaris ta dube shi, ya haɗiye maganar.

Mama Afiniki ta ci gaba da ja. Takardar yabo ta wuce. Bidiyo ya fara da kansa, ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Ta ce, "To ina zumar? Ni ban ga ko kwalba ɗaya ba." Ta ja, ta ja, har ta iso ga takardar cikewa. Ta rubuta sunanta. Ta rubuta garinsu. Da ta zo wurin sana'a ta ɗago kai. "Me ya haɗa masata da zuma? Aiki zan nema ko aure?" Duk da haka ta rubuta. Wurin imel ta ce ba ta da shi, Damaris ta ara mata nata. Ta sa lambar sirri, aka ce ta yi gajarta. Ta sake, aka ce sai da manyan baƙaƙe. Tana cikin gwaji na uku saƙo ya shigo, wai datarta ta ƙare.

Ta cire tabarau, ta ɗaure wayar a bakin zani. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "'Yata, na gode, amma wannan ba irin namu ba ne. Bari kawai in je tasha in sayi ta masu talla, in ba direba. Na san ta haɗi ce, amma ita ce ake gani." Ta dafa gwiwa ta miƙe.

Nan Habila ya kasa. Ya tashi tsaye ya ce, "Mama, don Allah kada ki ba mai jego ta tasha! Zumar tana nan. Idan kin gama cika takardar, akwai wani ɗan jan rubutu a can ƙasa ta hagu, shi za ki danna."

Mama Afiniki ta juyo ta dube shi da kyau, daga hula har takalmi. Ta ce, "Kai ne mamacin?"

Ya ce, "Ni ne, Mama. Ban mutu ba."

Ta rufe baki da hannu tana dariya tana neman gafara. Shi kuwa ya buɗe jakarsa ya fito da kwalba ɗaya da ya saba yawo da ita, ya ɗiga mata a yatsa. Ta lasa. Ta sake miƙa yatsa. Sai ta ce, "Malam, wannan ce kake ɓoyewa? Kana da abu irin wannan, sai ka tsaya a bakin ƙofa ka tare hanya da babbar riga?"

Ya ba ta kwalbar kyauta, ya ce a gaida mai jego. Ta sa masa albarka ta tafi.

Habila ya koma kan benci ya zauna. Damaris ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ci gaba da 'yan aikace-aikacenta har sai da shi ya yi magana.

Ya ce, "Sauran ma haka suka sha?"

Ta ce, "Haka, Baba. Bambancin kawai, ita ta yi sa'a kana zaune kusa. Su ba wanda ya nuna musu ɗan jan rubutun. Kuma ita ta yi haƙuri ne don kunyata. Wanda yake shi kaɗai ba zai kai rabin inda ta kai ba."

Ya tambaya, "Su ma tasha suka tafi ke nan?"

Ta ce, "Wanda yake bukatar zuma ai sai ya saya a wani wuri."

Wannan ce maganar da ta fi shigarsa. Ya yi niyyar ƙwace ciniki daga hannun masu haɗi, ga shi da hannunsa ya tura musu mutum ɗari huɗu.

Ya matso da benci kusa da kwamfutar, ya ce, "Mu fara."

Waƙa ce ta fara tafiya. Bidiyo ya bi ta. Da suka zo kan takardar cikewa ya ɗan tirje, ya ce 'yan sari fa? Damaris ta ce, "Idan ɗan sari ya saya a farashin da kai ka sa, a kwalbarka da aka liƙe bakinta, me ka rasa? Don ka tare mutum biyu ka kori jama'a." Aka cire ta. Ba a bar kome ba sai sunan wanda za a kai wa, da garinsu, da lambar waya.

Hoton ne ya rage. Habila ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "A rage shi dai, a sa shi a gefe." Ta rage shi ta sa a gefe. Suka duba a ƙaramar waya, ya ga har yanzu sai an wuce fuskarsa kafin a kai ga kwalba. Ya numfasa ya ce, "Cire shi." Ta mayar da shi wani shafi na ciki tare da tarihin, wanda ta taƙaita da Hausa, domin duk mai so ya sani ya je ya karanta.

Washegari ya kawo kwalba cike. Suka ajiye ta a kan tebur kusa da taga, da cokali a gefe, Damaris ta ɗauki hotonta yadda take, da duhunta da kaurinta. A ƙarƙashin hoton suka rubuta da Hausa da Turanci mai sauƙi abin da take, inda ta fito, girman kwalbar, farashinta, da kwana nawa za ta yi a hanya. Sai madanni ɗaya babba da aka rubuta wa "Saya", da lambar wayar Habila a fili.

Wannan karon shi ya nemi a gwada. Suka kira wani direba, da wata tela, da wani tsoho mai gyaran agogo, kowa da wayarsa. Habila ya zauna a bencinsa yana kallo. Tsohon ya kasa karanta farashin, aka ƙara girman rubutu. Direban ya tambayi ko za a iya biya sai kaya sun iso, aka ƙara wannan ma. Da aka gama, Mama Afiniki ta tsallako ta sayi kwalba ta biyu kafin masar da ta bari a tanda ta ƙone.

Habila bai yi arziki dare ɗaya ba. Kira ya fara shigowa ɗaya-ɗaya, wani makon da yawa, wani makon shiru. Ya koyi naɗe kwalba yadda ba za ta fashe a mota ba, bayan biyu sun fashe ya biya da wasu. Amma kafin ɗiban zuma na gaba ɗakin baya ya zama fanko, gidaje huɗun da suka jira shi suka sami abin da ba su taɓa samu a hannun 'yan sari ba. Gidaje biyun da suka janye kuwa, hasarar shekarar ta riga ta same su, kuma Habila ya sani jinkirinsa ne ya jawo. Ya je gidan Irmiya da ƙafarsa ya ce, "Laifina ne. Na riƙe kayanka wata biyu ina tallan kaina." Yawancin masu sayen zumarsa har yau ba su san kamanninsa ba, shi ma ya daina tambaya ko sun sani.

To, 'yan'uwa, ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba. Zumar ita ce bisharar Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba mu muka yi ta ba, kamar yadda Habila bai taɓa yin ko ɗigo ɗaya na zuma ba, ɗiba kawai yake yi. Shafin kuwa mu ne: halinmu, gidajenmu, da ikkilisiyarmu, gama da mu mai nema yake fara cin karo kafin ya ji kome game da Mai Ceto.

Ku lura da kyau, Habila bai yi ƙarya ba, bai yi haɗi ba. Zumarsa ta gaskiya ce tun daga farko har ƙarshe. Haka nan mutum zai iya riƙe koyarwa ta gaskiya, ikkilisiya ta iya zama da bangaskiya marar gauraye, duk da haka mai yunwa ya zo ya koma hannu wofi, domin mun cika gaba da kanmu. Abin da ya sa Habila ya yi haka ma ba mugunta ba ce. An cuce shi, an danne sunansa, ciwon kuwa na gaske ne. Da yawa a cikinmu muna ɗauke da irin wannan ciwo, mun yi hidima shekara da shekaru ba wanda ya ce sannu. Amma idan ba mu kai ciwon gaban Allah ba, shi ne zai hau gaba ya zauna a inda ya kamata a ga Almasihu.

Ku yi tunanin mace da ta shigo majami'armu a karo na farko. Wataƙila shekara guda tana tara ƙarfin zuciya kafin ta tako, kuma ƙarfin nan kaɗan ne, bai fi na safiya ɗaya ba. Ta zauna, aka ce ta tashi, wurin wance ne. Ta koma baya. Aka yi sa'a guda ana sanarwa, ana gabatar da manya da muƙamansu, ana ba da tarihin yadda aka gina hasumiya. Mai ba da shaida ya tashi, ya ambaci kansa sau ashirin, ya ambaci Ubangiji sau ɗaya a ƙarshe. Muka yi magana da kalmomin da mu kaɗai muka san ma'anarsu. Da aka tashi, wanda ya matso kusa da ita bai tambayi abin da ke damunta ba, sai 'yar gidan wa ce, wace ƙabila, daga wace ɗariƙa, ina mijinta. Ba za ta yi faɗa da kowa ba. Za ta ce ta gode, ta tafi, ba kuwa za mu taɓa sanin ta zo ba. Amma bukatarta ba ta ƙare ba. Za ta kai ta inda ake karɓar mutum da sauri, wurin masu sayar da addu'a da masu duba, ko da ta san abin da suke bayarwa na haɗi ne.

Mu kuwa muna tsaye a kan tudunmu muna yabon juna. Masu yabonmu 'yan gida ne, waɗanda suka riga suka ƙoshi. Yabonsu yana da daɗi, amma ba zai nuna mana inda baƙo yake tuntuɓe ba.

Saboda haka ga aikin da nake ba kowannenmu a makon nan. Ka nemi mutum ɗaya wanda ba ya zuwa cikinmu, ko wanda ya taɓa zuwa ya daina, maƙwabci ne, abokin aiki ne, ko ɗanka na cikinka. Ka tambaye shi abin da yake gani idan ya dube ka, da abin da ya gani ranar da ya shigo wurinmu. Sa'an nan ka kama bakinka. Kada ka kāre kanka, kada ka yi masa bayani. Abin da za ka ji ba zai yi daɗi ba. Ka kai shi gaban Allah, ka roƙi ƙarfin cire abin da ya kamata a cire, ko da shi ne abin da ka fi ƙauna a game da kanka. Kada ka ce sai baɗi, gama jinkiri yana cin waɗansu mutane waɗanda ba su yi laifin kome ba.

A ranar da za mu tsaya a gaban Ubangiji, ba zai tambaye mu ko bisharar mai kyau ce ba. Tasa ce, ya san ta. Zai tambaye mu labarin waɗanda suka zo har ƙofarmu da yunwa, suka juya ba su ɗanɗana ba.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.